Taƙaitaccen Tarihin Shehu Muhammadu Alkashinawi, Masanin Hisabi na Katsina

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura ya san hatimi tun kafin ya taka ƙofar makarantar boko. Yakan gan shi zane a ƙasan allon rubutun sha, ko cikin tsohuwar laya wadda fatarta ta yage, ko a bangon kundin malamin zaure. 'Yan gidaje ne jere cikin murabba'i, kowane gida da lamba ko harafi a cikinsa. Akasarin jama'a sun ɗauki wannan abu a kan sha'anin tsubbu ne kurum, 'yan boko kuwa sukan wuce shi ba tare da sun tsaya sun tara lambobin ba. Da za su tara, da sun ga cewa kowane layi, na tsaye da na kwance da na kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya yake bayarwa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida.

Ƙasar Katsina, wadda muka yi iyaka da ita, ta taɓa fitar da malamin da ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ƙa'ida, har wani babban malamin Masar ya durƙusa gabansa yana ɗaukar karatu. Shi ne Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira cikin shekarar 1741. Manufar wannan maƙala ita ce a kawo tarihinsa a taƙaice, a kuma nuna cewa aikin nasa lissafi ne na gaske, wanda yake tsaye a kan rabe-raben lambobi, musamman lambar nan da ba ta rabuwa, wadda masana lissafi suka daɗe suna farautar manya-manyanta.

Asalinsa

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwar Shehu Muhammadu ya fito ne daga littafin tarihin Masar na Abdurrahmani Aljabarti, wato Aja'ibul Asari. A can aka jero laƙabinsa guda huɗu, kowanne yana nuni ga wani ɓangare na asalinsa: Bafillace ne, Bakatsine, mutumin Ɗan Ranko, sa'an nan Basudane, wato ɗan ƙasar baƙar fata a faɗar Larabawa. Ɗan Ranko kuwa wani tsohon gari ne na ƙasar Katsina.

Ya tashi ne a zamanin da Katsina take kan ganiyarta. Bayan mutanen Maroko sun karya daular Sanwai a 1591, fatauci da karatu sun karkato gabas, Katsina ta zama babbar masaukin ayarin Sahara masu zuwa ta Agadas, kuma cikin kayan da ayarin suke saukewa har da takarda da littattafai. Tun kafin nan Shehu Magili ya ziyarci birnin a ƙarshen ƙarni na 15, sa'an nan a ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Saboda haka Shehu Muhammadu ya buɗe ido ne a ƙasar da malanta ta riga ta kafu. A wancan lokaci babu Masarautar Kazaure tukuna, domin sai bayan jihadi, wajen 1819, Ɗantunku ya kafa ta a kan iyakar Kano da Katsina da Daura.

Neman Ilminsa

Aljabarti ya ambaci malamansa da sunayensu. Akwai Shehu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, mashahurin malamin tauhidi na Bagarmi, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fodu, da kuma Shehu Muhammadu Bindu. Biyun ƙarshe su ne suka fi yin tasiri a kansa.

A hannun Shehu Muhammadu Fodu ya karanci lugga da nahawu da sarfu. Ya lizimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma kan hanyar tafiya, kamar yadda almajiran wancan zamani suke bin malaminsu duk inda ya sa gaba. Ya haddace Muƙamai har malamin ya riƙa kiransa mai Muƙama, daga baya da ya ga ƙwarewarsa a nahawu sai ya sake masa laƙabi da Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun nan na Basra. Wannan ya nuna cewa kafin ya zama masanin lissafi, masanin harshe ne, abin da ya kamata ɗaliban wannan sashe namu su riƙe.

Shehu Muhammadu Bindu kuwa shi ya koya masa hisabi, da ilmin lokuta wanda da shi ake gane shigar salla da kwanakin shekara, da ilmin haruffa, da ilmin aufaƙi, wato ginin hatimi. Duk waɗannan ya ɗauke su ne bisa tsarin malaman Magariba. Bambancin tsarin ya fi fitowa fili a ƙimar haruffa. A lissafin abajada kowane harafi yana da lambarsa, amma mutanen gabas da na Magariba sun saɓa a kan haruffa shida. Alal misali, shinun a gabas 300 ne, a Magariba kuwa 1000. Sinun a gabas 60 ne, a Magariba 300. Tsarin Magariba shi ne marubuta waƙoƙinmu na ajami suke bi wajen ramzi, shi ya sa ake yawan cin karo da shinun a ramzin ƙarshen waƙa. Idan aka so a rubuta 1154, shekarar Hijira da Shehu Muhammadu ya rasu, sai a haɗa shinun mai 1000, da ƙaf mai 100, da nun mai 50, da dal mai 4.

Tafiyarsa Gabas

Da ya ƙoshi da abin da zai samu a gida, sai ya ɗaura niyyar aikin Hajji. A wancan zamani tafiya ce ta shekaru, kan raƙumi da jaki da ƙafa, mutum yana tafe yana yada zango, yana karatu yana karantarwa. Ya ratsa ƙasashe da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, kuma a wani gari na ƙasar Barno ya zauna wata biyar wurin wani malami yana ɗaukar ilmin asirai da bugun ƙasa.

Da ya isa Alƙahira ya sauka a unguwar Darbul Atraki, kusa da masallacin Azhar. A nan ne ya haɗu da Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin da muka ambata. Shi wannan Shehu Hasan ba ƙaramin malami ba ne, domin yana cikin waɗanda Masar take ji da su a fannin fiƙihu da ilmin taurari da lissafi. Duk da haka sai ga shi ya zama almajirin baƙon da ya fito daga Katsina, yana karanta littattafan aufaƙi a gabansa ɗaya bayan ɗaya.

Shehu Muhammadu ya yi aikin Hajji a shekarar 1142 ta Hijira, daidai da 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci. Da ya komo Alƙahira, Shehu Hasan ya ɗauke shi ya sauke shi a gidansa, shi da iyalinsa, kuma a wannan gida ya ƙarasa mafi yawan rubuce-rubucensa.

Rubuce-rubucensa

A fannin nahawu ya rubuta Bulugul Arabi min Kalamil Arabi. A fannin manɗiƙi ya tsara waƙa mai suna Minahul Ƙuddusi, ya kuma yi mata sharhi da kansa. A fannin taurari da ɗalasimai ya rubuta Addurrul Manzumu, wanda ya gina a kan wani littafi na Faharuddini Arrazi. Ya fara shi a Makka, ya gama shi a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733, kuma daga baya an buga shi a Masar. Amma littafin da ya shafi maganarmu shi ne Bahajatul Afaƙi, a kan ilmin haruffa da aufaƙi, wanda ya kammala a 1145, wato tsakanin 1732 da 1733.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Shehu Muhammadu ya ɗauki ginin hatimi a matsayin ilmin asiri, har ya hori almajiri da ya yi aikin a ɓoye, kada kuma ya yi saurin karaya in abin ya ƙi fita. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan halaccin amfani da hatimi wajen neman biyan bukata, kuma tun a ƙarni na 14 Ibn Haldun ya soki ilmin asiran haruffa, ya kusanta shi da sihiri. Wannan hukunci na malaman addini ne. Abin da yake gabanmu shi ne lissafin da ke cikin littafin, wanda kowa zai iya ɗaukar alƙalami ya gwada.

Rabe-raben Lambobi da Ginin Hatimi

Mafi ƙanƙantar hatimi shi ne mai gida uku-uku, wanda malamai suke jinginawa ga Imamu Gazali:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane layi 15 yake bayarwa. Lambobin kusurwoyi, wato 2 da 4 da 6 da 8, su ne haruffan ba da dal da wau da ha, kuma daga nan aka sami kalmar buduhu da ake gani a layu. Hanyar sanin jimlar layi tana da sauƙi: a buga yawan gidajen layi da kansa, a ƙara ɗaya, a sake bugawa da yawan gidajen, a raba biyu. Mai gida biyar-biyar zai ba da 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369.

Masana aufaƙi sun kasa hatimai kashi uku bisa ga yawan gidajen layi. Akwai na mara, kamar 3 da 5 da 7 da 9. Akwai na cika wanda huɗu take rabawa, kamar 4 da 8. Akwai kuma na cika wanda rabinsa mara ne, kamar 6 da 10. Kowane kashi da hanyar gina shi, kuma sunan Shehu Muhammadu ya fi fita ne a kan hanyoyin da ya bayyana na gina hatimin mara. Ya kuma nuna yadda ake fitar da waɗansu hatimai daga guda ɗaya ta hanyar juya shi ko kifa shi, abin da yake ba da fuska takwas.

Cikin dabarun wannan fanni akwai wadda ake kira tafiyar doki, sunan da aka aro daga wasan shaɗaranji, darar Larabawa da Farisawa. Ga misali na irin wannan tafiya a hatimi mai gida biyar-biyar. A sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga nan a sauko gida biyu, a matsa gida ɗaya dama, a sa 2, a ci gaba da haka. In an faɗa waje ta ƙasa sai a ɓullo ta sama, in ta dama ne sai a ɓullo ta hagu. Bayan kowace lamba biyar doki zai tarar da gida a cike, to sai a sa lamba ta gaba a gidan da ke bisa wadda aka rubuta a ƙarshe. Ga abin da zai fito:

1 14 22 10 18
25 8 16 4 12
19 2 15 23 6
13 21 9 17 5
7 20 3 11 24

Mai karatu ya tara da kansa, zai sami 65 ta kowace fuska. In ya gwada a mai bakwai-bakwai zai sami 175. Amma in ya bi wannan tsari ɗin a mai tara-tara, layukan tsaye da na kusurwa za su ba da 369, layin kwance kuwa wanda ya faro daga 1 zai tsaya a 360. Dalili shi ne uku tana raba tara, sai doki ya riƙa maimaita sawunsa a kan wannan layi. Ƙa'idar ita ce, wannan tafiya tana fita daidai muddin biyu ko uku ba ta raba yawan gidajen layi ba.

A nan ne ake ganin cewa mara ma iri biyu ce. Akwai mara mai rabuwa, kamar 9 da 15 da 21. Akwai kuma wadda babu lambar da take raba ta ba saura sai ɗaya da ita kanta, kamar 3 da 5 da 7 da 11 da 13. Malaman hisabi na Magariba suna kiran irin wannan asammu, wato kurma, domin ba ta amsa kiran kowace lamba. Mu kuwa a nan za mu kira ta gagara-rabo. A cikin lambobin cika, 2 ce kaɗai gagara-rabo. Ibnul Banna na Marrakesh, wanda ya rasu a 1321, ya bayyana yadda ake tace su da hanyar da ake kira rariya: a jera lambobi, a soke duk wadda 2 take rabawa, sa'an nan 3, sa'an nan 5, a ci gaba da haka, abin da ya rage a rariya shi ne gagara-rabo. Duk gagara-rabo da ta wuce 3, in aka raba ta da shida, saura 1 ne ko 5, wato biyu da uku ba su da hanya a kanta. Ke nan tafiyar doki ba ta taɓa ɓacewa a hatimin da yawan gidajen layinsa gagara-rabo ne daga 5 zuwa sama, kome girmansa.

Zamaninsa a Turai da Babbar Lamba

Domin a gane matsayin wannan aiki, yana da kyau a dubi abin da ake ciki a Turai a lokacin. Hanyar gina hatimin mara da ta fi shahara a can, wani jakadan Faransa ne mai suna Simon de la Loubère ya koyo ta a tafiyarsa ta ƙasar Siyam, ya buga ta a 1691. A 1732 kuwa, sa'ad da Shehu Muhammadu yake kan rubuta Bahajatul Afaƙi, Leonhard Euler yana ƙasar Rasha, inda ya nuna cewa lambar 4,294,967,297, wadda Fermat na Faransa ya zaci gagara-rabo ce, tana rabuwa: 641 sau 6,700,417 ce. Shi ma Euler daga baya ya yi rubutu a kan hatimi, ya ɗauke shi a matsayin fanni na lissafi.

A 1772 Euler ya tabbatar da cewa 2,147,483,647 gagara-rabo ce. Wannan lamba tana da siffofi da suka dace da bayaninmu. Mara ce. In aka raba ta da shida saura 1 ne. Ana samun ta ne in aka jera 2 har sau 31, aka buga su da juna, aka ɗebe ɗaya, kuma 31 ɗin kanta gagara-rabo ce. Masu irin wannan siffa ana jingina su ga Marin Mersenne, wani limamin kirista na Faransa wanda ya rasu a 1648. Irinsu ne suke haifar da cikakkiyar lamba, wato wadda jimlar masu raba ta take komawa ita kanta, kamar 6 da 28 da 496. Babu allon da zai ɗauki hatimi mai gida 2,147,483,647 a kowane layi, kuma babu mai tsawon ran da zai cika shi, amma mun san tabbas tafiyar doki za ta fita daidai a cikinsa, tun da biyu da uku ba su raba shi. Amfanin ƙa'ida ke nan, kuma shi ne bambancin malamin da ya san yadda ake gina hatimi da wanda yake kwafar na kundin kakansa.

Farautar irin waɗannan lambobi ta ci gaba bayan zuwan kwamfuta. A watan Oktoba na 2024 aka gano wata daga dangin Mersenne, wadda ake samu in aka jera 2 har sau 136,279,841 aka buga su da juna aka ɗebe ɗaya. In za a rubuta ta, alƙalumanta 41,024,320 ne. Haka kuma tun daga 1977 aka fito da hanyar kulle saƙo da manyan lambobi gagara-rabo, wadda bankuna da intanet suka dogara da ita wajen tsare sirrin mutane.

Rasuwarsa

Shehu Muhammadu bai komo Katsina ba. Allah ya karɓi ransa a gidan Shehu Hasan Aljabarti a 1154, daidai da 1741. Kafin ya cika ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Shehu Hasan ya binne shi a maƙabartar Bustanul Ulama, wato lambun malamai, ya gina kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a jiki. Abdurrahmani kuwa sai bayan fiye da shekara goma aka haife shi, ya tashi a gidan da littattafan Bakatsinen suke ajiye, kuma ta alƙalaminsa ne labarin ya iso gare mu.

Bayan fiye da shekara ɗari biyu manazarta suka waiwayo shi. A 1962 Bivar da Hiskett suka ambace shi cikin nazarinsu na rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin jihadi. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga maƙala a Ibadan a kan bayanin da Shehun ya yi game da ramzi. A 1973 wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta sa hanyoyinsa na gina hatimi cikin littafinta a kan lissafin mutanen Afirka, daga nan sunansa ya shiga littattafan tarihin lissafi a ƙasashen waje. Akwai kofin Bahajatul Afaƙi na rubutun hannu a ajiye a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa maganar da wasu suke yi, wai lissafi da zuwan Turawa ya shigo ƙasar Hausa, ba ta da tushe. Shekara 162 kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903, an binne Bakatsine a Alƙahira wanda ya karantar da malamin Azhar ilmin da ya koya a hannun malaman ƙasarmu. Abin takaici shi ne littattafansa sun zauna a Masar da Ingila, mu kuwa aka bar mu da kwafar hatimi, kuma in magatakarda ya kuskure lamba ɗaya, sai kuskuren ya bi kundi daga hannu zuwa hannu ba mai tarawa ya gani.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Na farko, a bi zaurukan malamai na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da izinin masu su, a tattara kalmomin hisabi da suke amfani da su tun kafin tsofaffin da suka san su su ƙare. Na biyu, a koyar da ramzi bisa tsarin Magariba a darasin rubutacciyar waƙa, domin ɗalibi ya iya fitar da shekarar waƙa da kansa. Na uku, a haɗa kai da malaman Larabci da na lissafi a fassara babin hatimin mara na Bahajatul Afaƙi zuwa Hausa. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Ɗaliban da suke koyon lissafi da kwamfuta a cikinsu sun cancanci su karanta wannan babi da harshensu.

Allah ya jiƙan Shehu Muhammadu Alkashinawi da malamansa, ya kai haske kabarinsu, amin.